Ina Zan Samo Sunan Kakan Mahaifina A Takardun Ƙidaya?

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Unguwar Rogo, cikin garin Jos. Mahaifina ya haura shekara tamanin, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi ba shi da zance sai na kakansa, wanda aka ce ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Kano ya zo aikin kuza a Barikin Ladi zamanin Turawa. Baba yana so ya san ƙauyen, ya ji ko akwai sauran dangi. Takardun gidanmu sun ƙone a rikicin 2001. Ɗan baffana da ke karatu a Ingila ya ce a can mutane suna samo kakanninsu a tsofaffin takardun ƙidaya. Yanzu ga wani mutum ya ce in ba shi kuɗi ya je Abuja ya ciro mini takardar ƙidayar 1931 mai sunan kakan namu. In ba shi? Idan ban ba shi ba, ta ina zan fara?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da kika ɗauki zancensa da muhimmanci.

Kada ki ba mutumin nan ko kwabo. Ƙidayar 1931 a Arewa ba a yi ta yadda za a ciro wa mutum takarda mai sunan kakansa ba, kuma 'yan takardun da suka rage na wancan zamani ba a Abuja suke ba, galibinsu suna Kaduna. Wanda ya yi miki wannan alkawari, ko dai bai san aikin ba, ko kuma zai je ya buga miki wata takarda a shagon kwamfuta ya kawo. Ta biyun ta fi muni, don za ki kai wa dattijo mara lafiya ƙarya ya riƙe ta a matsayin asalinsa.

Ɗan baffanki gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar can ce. A Ingila tun daga 1841 ake rubuta sunan kowane mutum a gida, da shekarunsa da sana'arsa, a adana takardun, bayan shekara 100 a buɗe wa jama'a. Ta 1921 a 2022 aka buɗe ta. Amurka kuma shekara 72 take jira. Ko a can ɗin ma ba duka suka tsira ba: ta Ingila ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ta Amurka ta 1890 mafi yawanta wuta ta cinye a 1921. Mu a nan ba gobara ce babbar matsalarmu ba. Tun farko Turawa ba sunaye suke nema ba, adadi suke nema, saboda haraji.

An yi ƙidaya a 1911 da 1921 da 1931. A mafi yawan ƙasar Arewa ba a bi gida gida an rubuta kowa ba. Lissafin da hakimai da dagatai suka riga suka tara don haraji shi aka tattara, aka ƙara da ƙiyasi, sai 'yan garuruwa da wasu zaɓaɓɓun wurare da aka ƙirga da ɗan tsanaki. A 1941 ba a yi ba saboda yaƙin duniya na biyu. Wadda ta fi su inganci ita ce ta 1952 zuwa 1953, da ta ba Arewa mutum miliyan 16.8 cikin miliyan 30.4 na ƙasa baki ɗaya. An buga sakamakonta lardi lardi, har da na Lardin Filato da na Kano, kuma abin da ke ciki jerin garuruwa ne da adadin maza da mata da yara. Ta 1962 an soke ta, aka sake a 1963. Ta 1973 ita ma an soke. Ta 1991 da ta 2006 sun yi kusa ainun da zamaninmu, kuma doka ta sa bayanan mutum ɗaya ɗaya a cikinsu sirri ne. Don haka idan kika je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a Abuja ko a Jos, abin da za su iya yi miki shi ne rajistar haihuwa da ta mutuwa, da takardar shaidar haihuwa ga babba wanda aka haifa kafin rajista ta kankama. Ita wannan kan rantsuwar mai nema ake yin ta, ba ta tono asalin kowa.

Duk da haka kada ki yar da littattafan ƙidaya, suna da amfani guda da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan Baba ya tuna sunan ƙauye amma ba a san gundumarsa ba, jerin garuruwan 1952 zai nuna miki ƙauyuka nawa ke da wannan suna a Lardin Kano, kowanne ƙarƙashin wane hakimi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Sabon Gari da Tudun Wada da Kafin wane da Unguwar wane sun cika ƙasar, kuma gundumomin da ba su ne ƙananan hukumomin yau ba. Ki nemi waɗannan littattafai a ɗakin karatu na Jami'ar Jos, ko na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Gidan Arewa a Kaduna. Adadin da ke ciki kuwa ki riƙe shi da sassauci. Mutane sun san ƙirga kai haraji yake jawowa, sai a ɓoye samari, matan kulle ba a ganinsu, Fulani su kaɗa shanu su ƙetare iyaka don jangali, ga kuma iyaye da ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya.

Aikin da ya fi komai gaggawa a ɗakin Baba yake, kuma a wannan makon ya kamata ki fara shi. Takardun Kaduna za su jira ki, ƙwaƙwalwar mai shekara tamanin ba ta da tabbas. Ki sa wayarki ta ɗauki murya, bayan kin nemi izininsa, ki zauna da shi lokacin da ya fi samun sauƙi, galibi da hantsi. Kada zama ya wuce minti talatin ko arba'in. Zama biyar gajeru sun fi ɗaya mai tsawo, domin tsakanin zama da zama tsoho yana ta tuno abubuwa shi kaɗai. Kada ki tambaye shi shekara, ba da ita aka san lokaci a da ba. Ki tambaye shi wane sarki ke kan gado lokacin da kakan ya bar gida. A Kano, Sarki Abbas ya yi daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Ki tambaya ko yunwa ce ta koro shi, domin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tura jama'a masu yawa neman abinci a barikokin kuza. Da ƙafa ya zo ko a jirgin ƙasa? Ƙaramin jirgin da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru ne wajen 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma a 1927. Ya riski annobar mura ta 1918 a gida ko a Filato? Yana da rai lokacin zuwan Sarauniyar Ingila Jos a 1956? Amsa biyu ko uku irin waɗannan sun isa su matse miki lokacin zuwansa cikin shekara biyar ko goma, kuma da wannan tazara za ki shiga gidan adana takardu.

Sai batun suna, inda yawancin masu irin wannan nema suke ɓata. Mutum ɗaya yana iya zama da suna huɗu: na yanka, da laƙabin gida, da wanda aka sa masa a bariki, da wanda malamin haraji ya rubuta. Wanda aka raɗa wa Abubakar, a gida Garba ne ko Habu ko Buba, a bariki Garba Kano ko Garba Dogo, a takardar Bature kuma Garuba. Muhammadu yana fitowa Mamman ko Mohamman ko Momo, Abdullahi ya zama Audu ko Abdu. Ki rubuta duka. Ki tambayi sunan uban kakan da na 'yan'uwansa da na matansa, da sana'ar gidansu ta gado: maƙera ne, marina, wanzamai, mahauta, fatake ko malamai? Sana'ar gado tana kai mutum unguwa guda a cikin gari. Ki tambaya ko yana da tsaga a fuska, wace iri, guda nawa, a wane gefe. Ki zana ta a takarda yadda Baba ya kwatanta, tsofaffin wanzamai suna gane ta. Idan akwai gwaggo ko wata tsohuwa a dangi, ki zauna da ita ita kaɗai, don mata sun fi riƙe wa ya auri wa da wa ya haifi wa. Amma ki tuna da alkunya: ba za ta kama sunan mijinta ko na surukinta ko na ɗan farinta ba, sai ta ce miki Malam ko mai sunan Malam. Kada ki matsa mata, ki tambayi wani ya cike miki gurbin.

Takardun gidanku sun ƙone, Allah Ya mayar da alheri, amma na gidajen dangi ba lalle ne sun ƙone ba. Ki bi gidan baffanni da na gwaggonni, har waɗanda suka koma Bauchi ko Kano ko Abuja, a buɗe miki adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe. Abin da kike nema: rasit na haraji, takardar gida ko ta fili, takardar rabon gado, fasfon aikin Hajji, takardar sallama daga soja ko daga kamfani, hoto mai hatimin mai ɗaukar hoto a baya. Rasit na haraji ƙaramar takarda ce, amma magidanta sun adana ta sosai don ana tare mutum a hanya a tambaye shi, kuma tana ɗauke da suna da gari da shekara. Ki kuma duba bangon tsohon Alƙur'ani na hannu da kundin malamai, domin a nan ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci. Shekarar Hijira za ki gani. Ki ninka ta da 0.97 ki ƙara 622, zai ba ki ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara guda ba. Misali 1350 ta faɗo 1931 zuwa 1932. Duk abin da kika samu, ki ɗauki hotonsa gaba da baya a wurin, ki bar wa masu shi kayansu. Kada a manna masa salatif, kada a kai shi a liƙe da roba mai zafi, domin zafin da gam ɗin suna cin tawada kuma ba a iya warwarewa. A shimfiɗe shi tsakanin fararen takardu, a sa a akwati nesa da ƙasa da bango saboda gara da laima.

Bayan wannan ne tafiya Kaduna za ta yi amfani. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, yana da manyan rassa uku, Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma na Kaduna ne ke riƙe da takardun tsohuwar Jihar Arewa. Ki tafi da katin shaida, da wasiƙar gabatarwa daga makarantarku in za a ba ki, da fensir da littafin rubutu da abin cajin waya. Za ki cike fom ki biya kuɗin shiga bincike; ki karɓi rasit. Ki ware aƙalla kwana uku na aiki, kuma kada ki sa Juma'a a lissafin cikakken yini. Ranar farko gaba ɗaya a kan littattafan jerin fayil za ta ƙare, kada ki ɗauka ɓata lokaci ne. Ba a neman sunan mutum a wurin, ba a jera komai da sunan talaka ba. Da sunan lardi da gunduma da batu ake nema.

An kasa takardun bisa ofishin da suka fito. Na sakatariyar Lardunan Arewa suna ƙarƙashin SNP. Na ofishin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar kowane lardi, suna da sunan lardin: KanoProf, JosProf, BauProf, ZarProf, haka. Ga wani tarko da ya shafe ki kai tsaye: Lardin Filato sai a 1926 aka ƙirƙiro shi, kafin nan Jos da Bukuru da Naraguta suna ƙarƙashin Lardin Bauchi. Idan kakan ya zo kafin 1926 kika tsaya a JosProf kaɗai, kin bar rabin abin a baya. Rubutun sunayen wurare ma yana sauyawa, Barikin Ladi za ki gan shi Barakin Ladi, kuma Turawan farko sukan ninka baƙi ko su sauya wasali a sunan ƙauye yadda kunnensu ya ji. Ki riƙa karanta sunan da baki, kada ki dogara da ido.

Abin da ya fi kusa da ƙidayar da kike nema shi ne rahoton ƙiyasin haraji na gunduma. Bature, galibi ƙaramin jami'i, yakan zagaya gunduma ƙauye ƙauye ya rubuta tarihinta, da sunayen hakimai da dagatai da salsalarsu, da adadin magidanta da mata da yara da dabbobi, da masu sana'a, maƙera nawa, masaƙa nawa, karofi nawa, da abin da ake nomawa. Akwai irinsa masu yawa a SNP da fayil ɗin larduna, tare da littattafan bayanin gunduma da jami'ai ke bar wa na bayansu. Idan gidanku na sarauta ne ko na limanci, akwai kyakkyawan zaton ki ga suna. Idan talakawa ne, abin da za ki samu hoton ƙauyen ne a shekarun da kakan ya bar shi, har da dalilin barin, domin rahotannin sukan ambaci fari da fara da ƙaurar jama'a. Jerin sunayen masu biyan haraji kuwa, wanda malaman haraji na En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ke rubutawa gida gida, a hannun hakimai da dagatai da baitulmalin En'e yake zama. Maza baligai kaɗai ke ciki. Da aka soke haraji a Kano da Kaduna a 1979, zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, waɗannan littattafai suka rasa mai kula da su, da yawa suka lalace. Amma a wasu gidajen sarauta akwai ragowa, don haka ki tambaya idan kin isa ƙauyen.

A ganinmu, takardar da ta fi kowace daraja ga mai neman dangi a ƙasar Hausa ita ce ta kotun alƙali, musamman rabon gado. Idan alƙali ya raba gado, ana rubuta sunan mamaci da na magada, mata da 'ya'ya maza da mata, da abin da kowa ya samu, da ushirar da aka cire. Nan ne kusan kaɗai sunayen mata ke fitowa a rubuce. Idan kakan ya rasu a Jos ko Bukuru ya bar gida, ko uban nasa ya rasu a ƙauye aka ware kason ɗan da ke bariki, to shafi ɗaya zai iya haɗa miki zuriya uku. Kotunan En'e sun koma kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, kuma tsofaffin littattafan sun warwatsu: wasu a ɗakin ajiyar kotun, wasu a hannun ma'aikatar shari'a ta jiha, wasu a Kaduna, na Kano kuma ki leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Ki rubuta wa rajistaran kotu takardar neman izini, ki faɗi sunan mamaci da tazarar shekarun. Na farkon zamani da Larabci ko ajami suke, da rubutun hannu mai wuyar karatu, don haka ki tafi da malamin da ya saba da rubutun warash.

Ta ɓangaren kuza kada ki sa rai da yawa. Kamfanoni sun fi ɗaukar leburori ta hannun helma, wato shugaban leburori, shi ke kawo mutanensa, kuma sunansa ya fi shiga takarda. Saboda haka ki tambayi Baba ko ya san helman da kakan ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da sunan barikin, Dorowa ne, Bisichi, Gana Ropp, Gindin Akwati ko Sabon Gida. Helma yakan ɗebo mutane daga garinsu, to sanin garin helma rabin sanin garin lebura ne. Idan kakan da kansa ya zama helma ko sarkin bariki ko mahauci mai lasisi ko mai fili a cikin garin Jos, damar samunsa a JosProf ta ƙaru sosai, a fayil ɗin filaye da naɗe-naɗe da ƙorafe-ƙorafe. Akwai kuma fayil na aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da aka ɗebo dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza saboda yaƙi. Ko da babu sunaye, sukan nuna gundumomin da aka ɗebo su. Idan a dangi akwai wanda ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, lambar sojansa tana kan takardar sallamarsa, kuma waɗanda suka rasu a yaƙin ana iya neman sunayensu kyauta a intanet, a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila.

A ɗakin karatun, ki rubuta lambar fayil daidai yadda take a jeri, harafi da lamba da shekara, don kuskuren lamba ɗaya wani fayil daban zai kawo miki. Ki nemi guda biyar ko shida a lokaci guda, saboda wasu za a dawo a ce ba a gan su ba; wani an ajiye shi ba a wurinsa ba, wani ya ruɓe. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto, akwai ƙa'ida da kuɗinsa. Idan an ba ki, ki fara da bangon fayil mai lamba, sannan shafuka a jere, ko da kina ganin shafi ɗaya kaɗai ya shafe ki. Masu ɗaukar shafi ɗaya su bar bango sukan koma gida da hotuna ɗari ba su san daga ina kowanne ya fito ba. Takardun sun bushe, musamman da hunturu, ki juya su da tafin hannu daga tsakiya, ba da yatsa a kusurwa ba. Ki girmama ma'aikatan wurin, ki gaya musu ainihin abin da kike nema. Wanda ya daɗe a wurin ya san fayil da jeri bai nuna ba. Kafin ki tashi daga Jos ma ki duba shafin shirin ceto takardun tarihi na Ɗakin Karatun Birtaniya, domin an ɗauki hoton wani ɓangare na takardun Kaduna an sa a intanet kyauta. Kaɗan ne cikin abin da ke akwai, amma zai sabar miki da kamannin takardun da irin Turancin da ke ciki.

Idan sunan ƙauye ya tabbata, sai a je. Ki tafi da namiji babba daga dangi, ku fara da gidan dagaci ko mai unguwa, da goro a hannu, shi zai haɗa ku da liman da dattawa. Ku faɗa tun a zaure cewa zumunci ya kawo ku, ba gona ko gado ba. Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai, domin baƙon da ya zo yana tambayar sunan wanda ya bar gari shekara ɗari da suka wuce, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne gona, sai bakuna su rufe. Kada ki zuba musu duk abin da kika sani. Ki ba da suna da sana'a, ki riƙe sunan uban kakan da na ɗan'uwansa, ki ji ko za su kawo su da kansu. Idan suka kawo, kin samu gida. Idan ke kika faɗa suka ce haka ne, ba ki samu komai ba tukuna, don mutanenmu ba sa son baƙo ya koma hannu rabbana, sai su amsa masa abin da yake so ya ji.

A littafinki ki ware shafi ga kowane mutum, kuma kowace magana ki rubuta wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa, ko lambar fayil ɗin da ta fito. Abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, ko baki da takarda suka dace a kai, shi za ki ɗauka tabbatacce. Sauran ki rubuta an ce. Ki yi hattara da salsalar da ta miƙe sumul har gidan sarauta ko har ƙasar Larabawa ba tare da giɓi ba. Sau da yawa sunaye uku ko huɗu na kusa ne ingantattu, na sama an ɗora su ne daga baya.

Akwai abu biyu da muke so ki shirya musu zuciya. Na farko, mutane ba don daɗi suka bar gida a wancan zamani ba. Wani yunwa, wani bashin haraji, wani rigimar gida, wani kuma bauta ya guje wa ko ya fanshi kansa, don Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a kawar da bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936, kuma akwai rajistar waɗanda aka 'yanta mai ɗauke da sunaye da garuruwan asali. Duk abin da kika tarar, ba abin kunya ba ne ga mutumin da ya taka ƙafa ya zo ya kafa gidan da kika fito. Amma ki fara kai wa Baba da baffanninki, a natse, kafin ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Na biyu, kin san yadda zancen asali yake da zafi a Jos. Abin da za ki tara tarihin gida ne, ba takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba, kuma ba zai maye gurbinta a kowane ofis ba. Ki kiyaye wanda kike ba kwafi, kada a ɗauki wahalar da kika yi don mahaifinki a mai da ita makamin gardama.

Kuma kada ki jira sai kin kammala kafin ki kai wa Baba labari. Duk abin da ya samu, ko sunan gunduma ne, ko sunan dagacin da ke kan gado a shekarun, ko bayanin cewa ƙauyen yana da karofi da kasuwa ranar kaza, ki karanta masa a ranar. Sau da yawa jin sunan wani dagaci ko wata kasuwa shi ke buɗe wa tsoho abin da ya manta shekara sittin, ya ba ki sunan da za ki koma da shi Kaduna. Muryoyin da kika ɗauka kuma ki tura su wuri biyu ban da wayarki, ɗaya a imel ɗinki, ɗaya wajen ɗan baffan nan naki, ki sa wa kowanne sunan mai magana da kwanan wata.